Dunƙulen Ots da Gyaɗa: Abin Taɓawa da Ba a Gasawa

Dunƙulen ots da gyaɗa ƙananan curi ne da ake haɗawa da hatsin ots, markaɗaɗɗiyar gyaɗa da zuma. Ana cakuɗa su a kwano ɗaya, a bar haɗin ya huta, a mulmula da hannu, a ci ba tare da an gasa, an soya ko an turara ba. Kowane curi bai wuce cikin babban cokali ɗaya ba, amma yana riƙe ciki fiye da yadda girmansa ke nunawa, domin duka kayan haɗin ukun masu nauyi ne: hatsi, mai da zaƙi. Wanda ya san dakuwa ba zai ga baƙon abu a nan ba, don ita ma soyayyen gari ne da gyaɗa da zaƙi da ake kirɓawa a dunƙula. Bambancin yana ga hatsin, da kuma zumar da ke riƙe haɗin.

Abincin ya yaɗu ne daga gidajen Amurka, Kanada da Ostareliya, inda ots da markaɗen gyaɗa na kwalba ba sa yankewa a ɗakin girki. Ya biyo sawun wasu sandunan abinci da kamfanoni ke naɗewa a leda don 'yan wasan motsa jiki. Ɗaya daga cikin na farko shi ne PowerBar, wanda ɗan tseren dogon zango Brian Maxwell, ɗan ƙasar Kanada, ya fara yi da abokan aikinsa a Kalifoniya a 1986. Da irin waɗannan sanduna suka cika shaguna da tsadarsu, mutane suka gane cewa mafi yawan abin da ke cikinsu yana nan a gida, kuma mulmula curi ya fi yanka sanda sauƙi. Cin ots ba tare da an dama shi a wuta ba kuwa ya girme wannan da nisa. Wajen 1900 wani likita a Zurik ta ƙasar Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, yana ba majinyatansa jiƙaƙƙen ots da gogaggen tuffa, abincin da aka sani yau da suna muesli.

Inda wutar take

Cewa ba a gasa dunƙulen yakan sa mai koyo ya ɗauka ɗanyen abinci ne. Ba haka ba ne. Wuta ta riga ta yi aikinta a kan ots da gyaɗa kafin su shiga kwano, kuma wannan ne sharaɗin da komai ya rataya a kai. Abincin da za a dafa yana da dama ta ƙarshe, domin tafasa tana kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da suka shiga a hanya. Wannan ba shi da ita. Abin da ya shiga kwano shi ne zai shiga ciki, saboda haka zaɓen kaya da tsabtar hannu su ne rabin aikin.

Ots hatsi ne na ƙasashe masu sanyi da damshi. Rasha da Kanada ne kan gaba wajen nomansa, kuma ƙasashe irin su Folan, Finlan da Ostareliya suna noma shi da yawa. Ba ya yi a zafin ƙasar Hausa, shi ya sa wanda ake samu a kantuna, na gwangwani ko na leda, kamar na Quaker, daga waje ake kawo hatsinsa. Ƙwayar ots tana da mai fiye da yawancin hatsi, kusan kashi 7 cikin 100, kuma tana ɗauke da wani sinadari da ke lalata man nan da sauri da zarar an fasa ta. Don hana haka, masana'anta kan cire ƙaiƙayin, su gasa ƙwayar, su turara ta da tururi mai zafi, sannan su bi ta kanta da manyan ƙarafa masu juyawa har ta baje ta zama fale-fale. Wannan turaren ne ya sa ana iya cin ta kai tsaye daga gwangwani.

Iri uku ake yawan gani. Akwai bajajje mai ɗan kauri, wanda ya fi dacewa da wannan aiki saboda yana ba haƙori abin taunawa. Akwai na gaggawa, wanda aka fi bajewa aka kuma kakkarya. Shi ma yana yi, har ma ya fi saurin kama jikinsa, sai dai curin kan fito da laushi sosai. Na ukun shi ne wanda aka daddatsa ƙwayarsa da ƙarfe ba a baje ba, mai kama da tsaki. Wannan sai an dafa, kuma duk daɗewar da zai yi cikin zuma ba zai yi taushi ba.

Tsadar ots takan sa a yi tunanin maye gurbinsa da garin gero, dawa, masara ko alkama. Ana iya rage shi da su, amma da sharaɗi: sai an soya hatsin ko garin a busasshen kasko har ya canja launi ya yi ƙamshi. Ɗanyen gari bai ga wuta ba tun daga gona, ya bi ta masussuka da shanya da injin niƙa, kuma cinsa haka yana iya jawo gudawa mai tsanani. Ko da soyayye ne, gari yana shan ruwa da mai fiye da ots, saboda haka in aka maye fiye da sulusi, curin zai yi tauri ya riƙa shaƙe mai ci.

Gyaɗa

Asalin gyaɗa Kudancin Amurka ne, 'yan kasuwar Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, ta samu ƙasa ta zauna. Markaɗenta na kwalba kuma sana'ar Arewacin Amurka ce. Marcellus Gilmore Edson na Montiriyal ya yi rajistar hanyar niƙa soyayyar gyaɗa a 1884, John Harvey Kellogg ya nemi rajistar tasa a 1895. Daga baya kamfanoni suka riƙa ƙara daskararren mai, sukari da gishiri, don kada mai ya taso sama kuma ya daɗe a kan kanta. Irin wannan yana da kauri, yana riƙe curi da kyau. Wanda aka markaɗa a gida ko a inji, gyaɗa zalla, ya fi ruwa-ruwa, ya fi ƙamshi, ya kuma fi araha nesa ba kusa ba a inda ake noman gyaɗa. Duka biyun suna yi, sai dai na gida yakan buƙaci ƙarin ots.

Dole a bambance markaɗe da tunkuza. Tunkuza an riga an matse manta, kuma man nan shi ne ke sa curi ya yi santsi ya haɗe. In aka yi amfani da ita, haɗin zai riƙa wargajewa a hannu sai an mayar masa da ɗan mai.

Mataki mafi muhimmanci a duk wannan aiki shi ne tsintar gyaɗa. Gyaɗar da aka tono ba a shanya ta da kyau ba, ko aka ajiye ta a wuri mai damshi, takan kamu da wata fumfuna da ke haifar da guba mai suna afulatoksin. An gano gubar ne bayan 1960, shekarar da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da garin gyaɗa daga Birazil. A jikin mutum tana taruwa a hankali, tana lalata hanta, kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar hanta. Abin da ya sa take da haɗari shi ne suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya, ragewa kawai take yi. Kariyar da ke hannun mai girki ita ce ido. Ana baza tsabar a faifai ko tire a wuri mai haske, a bi ta da yatsa, a fitar da duk wadda ta yamutse, ta yi baƙi ko kore-kore, ta fashe, ko ƙwaro ya huda. Bayan an soya an murje ɓawon a sake dubawa, domin a lokacin ne tabon da ja-jan ɓawo ya rufe yake bayyana. Ƙwayar da ta yi ɗaci a baki ta tofarwa ce. Waɗanda aka tsince ɗin ba na kaji ko awaki ba ne, don gubar tana cutar da dabba, tana kuma iya bi ta nono ta dawo wa mutum. Wannan ne dalilin da ya sa markaɗen da aka saya a buɗe a kasuwa, wanda ba a ga gyaɗar da aka yi shi da ita ba, ba shi ne zaɓi na farko ba: bayan niƙa babu mai iya gane abin da ya shiga.

Suyar takan kasance a kasko da tsabtataccen rairayi, ana juyawa ba tsayawa a kan wuta matsakaiciya, ko kuma a tanda mai zafin digiri 170 zuwa 180 na kimanin minti 15 zuwa 20. Alamar ta yi ita ce ɓawo ya saɓule da an murza, cikin ƙwayar kuma ya koma ruwan zuma mai haske har tsakiya. In ta yi fari a tsakiya da saura, za a ji ɗanyen wari a curin. In ta yi duhu sosai ta ƙone, kuma babu yawan zumar da zai rufe ƙauri. Bayan ta huce a murje, a bakace, sannan a niƙa. Gyaɗa mai ɗan ɗumi ta fi saurin sakin mai. A bilenda, takan fara zama gari, sai ta dunƙule ta manne a gefe kamar ba za ta ci gaba ba, sannan ta narke ta yi sheƙi. Masu koyo da yawa a mataki na biyu suke karaya su zuba ruwa, alhali haƙurin minti biyu ko uku ne ya rage, tare da hutar da injin don kada ya yi zafi. In injin markaɗe na unguwa za a kai, a tabbata an wanke shi ya bushe, domin wanda aka gama markaɗa tattasai ko ɗanyen wake a ciki zai bar wa gyaɗar yaji da ruwa da abin da ido ba ya gani. Bushewar markaɗen gyaɗa tana hana ƙwayoyin cuta hayayyafa, amma ba ta kashe su. A Amurka, tsakanin 2008 da 2009, gurɓataccen markaɗe daga wata masana'anta ya sa wa mutum fiye da 700 cutar salmonela, 9 suka rasu.

Zuma da abin da ke maye gurbinta

Zuma tana aiki biyu. Tana ba da zaƙi, tana kuma manne ƙwayoyin ots da juna. Ruwan da ke cikinta, kusan kashi 17 zuwa 18 cikin 100, shi ne ots ke tsotsa ya yi taushi, kuma yawan sukarinta yana hana wannan ruwa zama abincin fumfuna. Zumar da aka yi wa algus da ruwa tana rushe wannan tsari, curin ya yi laushi ya kuma yi saurin tsami. Garin sukari ba ya maye gurbin zuma, domin ba ya narkewa a cikin mai, sai dai a riƙa jin sa garas-garas a haƙori.

Dabino shi ne madadin da ya fi kyau. Mai taushi ana cire ƙwallon, a duba cikinsa saboda ƙwari, a daka a turmi har ya zama danƙo. Busasshe, irin wanda ake kawowa daga yankin Agadas, sai an jiƙa shi a ruwan zafi na minti 10 zuwa 15, a tsane shi sosai kafin a daka. Curin dabino ya fi na zuma tsayawa a lokacin zafi, amma wanda aka yi da jiƙaƙƙe ba ya daɗewa saboda ruwan da ya sha. Mazarƙwaila ma tana yi in an narkar da ita da ruwa kaɗan a wuta har ta yi kauri tana jan zare, a bar ta ta huce.

Awo

Kofin da littattafan girki ke nufi yana cin mililita 240, amma abin lura shi ne daidaito tsakanin kayan, ba girman ma'aunin ba. Da kofin shayi ko gwangwanin madara duk za a iya aunawa, muddin ma'auni ɗaya aka riƙe daga farko har ƙarshe. Awon da ya fi sauƙin tunawa shi ne ots ma'auni 2, markaɗen gyaɗa ma'auni 1, zuma rabin ma'auni, kayan ƙari rabin ma'auni, sai gishiri ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka. Da cikakken kofi, wannan ya kama kusan giram 180 na ots, giram 250 na markaɗe da giram 170 na zuma. In aka sa dabino a madadin zuma, ana buƙatar dakakke kusan ma'auni ɗaya.

Kayan ƙari su ne inda mai yi ke nuna gwaninta. A Amurka an fi sa ƙananan ƙwayoyin cakulan, busasshiyar kwakwa da zabibi. Cakulan yana narkewa a hannu a ƙasa mai zafi, saboda haka garin koko cokali biyu ya fi shi amfani. Soyayyen riɗi yana shiga da gyaɗa ƙwarai, haka soyayyar aya da aka daka, haka gogaggiyar kwakwa in an soya ta sama-sama ta bushe. Garin citta ko kirfa rabin ƙaramin cokali yana yanke nauyin mai a baki. Ƙa'idar ita ce komai ya zama busasshe. Ayaba, mangwaro, ɗanyar kwakwa da madarar ruwa suna da daɗi a ciki, amma sun mayar da curin abincin yini ɗaya. Gishirin nan kaɗan kuma ba na ado ba ne. In babu shi zaƙin yakan yi lami, ko da yake markaɗen kwalba yawanci ya zo da nasa.

Haɗawa

Ana fara wanke hannu da sabulu, a tsane shi sarai, a tabbata kwano da cokali ko muciya a bushe suke. Mai son ƙarin ƙamshi yana iya soya ots ɗin a busasshen kasko na minti 4 zuwa 5 har ya fara canja launi, ya bar shi ya huce. Wannan ba dole ba ne, amma yana kawar da ɗanɗanon gari da wasu ba sa so. Ga yara da tsofaffi, ana iya daka rabin ots ɗin ya ɗan yi laushi, wanda hakan ke sa curin ya fi haɗewa.

Masu danƙo ake fara haɗawa. A juya markaɗen tun daga ƙasan mazubinsa don man da ya taso ya koma, a auna, a zuba zuma da gishiri da kayan ƙamshi, a gauraya har su zama abu ɗaya. A lokacin hunturu zuma takan daskare, markaɗe ya yi tauri. Sai a ɗora kwanon a kan ruwan zafi na ɗan lokaci, ba a kan wuta kai tsaye ba. Bayan nan a zuba ots kashi biyu ko uku ana juyawa, a ƙarasa da kayan ƙari. Da farko haɗin zai nuna kamar busassun kayan sun yi yawa. Ana ci gaba da dannawa da bayan cokali har kowace ƙwaya ta shafu, daga nan a tsaya.

Tsayawar tana da dalili da duk mai yin ƙuli-ƙuli ta sani. Man gyaɗa yana fita daga markaɗe ne idan aka yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana murzawa: garin gyaɗar ya sha ruwan ya cure, ya saki mai. Zuma tana ɗauke da ruwa, saboda haka yawan murza haɗin da hannu mai ɗumi yana fara wannan aikin, sai a ga mai yana tsattsafowa, curin kuma ya yi tauri. Don haka ne ma ba a gyara busasshen haɗi da ruwa.

Sai hutu. A rufe kwanon a sa a firji na minti 30, ko a ajiye a wuri mafi sanyi a gida na kimanin awa ɗaya. A wannan lokaci ots yana shan damshin zuma, man kuma yana yin kauri. Haɗin da yake manne wa yatsu kafin hutu sau da yawa yakan daidaita da kansa bayansa, saboda haka ba a yanke masa hukunci sai ya huta. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗebi cikin cokali, a matse a tafin hannu, a buɗe. In ya tsaya da shatin yatsu a jikinsa kuma tafin ya ɗan yi maiƙo kawai, ya yi. In ya tsattsage ya zube, a ƙara markaɗe ko zuma cokali ɗaya. In ya baje ya manne, a ƙara ots cokali biyu, a sake ba shi minti goma. Ƙari kaɗan-kaɗan ake yi, domin mai gaggawa yakan yi ta kai-komo tsakanin bushewa da danƙo har kwanon ya cika da abin da bai yi niyya ba.

Wajen mulmulawa, ana fara matse abin da aka ɗiba da ƙarfi ya haɗe, sannan a juya shi a hankali tsakanin tafuka biyu. Shafa ɗigon man gyaɗa a hannu yana hana mannewa. Ana iya birgima curin cikin soyayyen riɗi ko kwakwa, wanda ke hana su manne wa juna a mazubi, ya kuma sa a ɗauka ba tare da ɓata yatsa ba. Awon da aka bayar da cikakken kofi yana fitar da curi 25 zuwa 26 masu nauyin giram 25. Wanda ba shi da lokacin mulmula yana iya danne haɗin a tire, ya yanka murabba'i bayan ya yi sanyi.

Ajiya

A mazubi mai murfi da ke rufuwa ruf, curin yana kai mako ɗaya zuwa biyu a firji, yana kuma kai wata uku in an daskarar da shi. Inda babu firji, ko wutar lantarki ba ta tsayawa, a yi wanda za a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, a ajiye shi a inuwa nesa da murhu. Da hunturu yana jurewa fiye da haka. Da bazara mai yana narkewa curin ya baje, da damina kuma damshin iska yana kawo fumfuna, sai a rage yawan abin da ake yi a lokaci ɗaya. Fitarwa da mayarwa cikin firji sau da yawa yana sa raɓa ta kwanta a jikinsa, saboda haka gara a kasa shi ƙananan mazubai. Zaƙin yana kiran tururuwa da kiyashi, kuma ɗora mazubin a faranti mai ɗan ruwa yana tare su. Alamomin lalacewa su ne warin tsohon mai, maƙaƙi a maƙogwaro, tsami, ko fari-farin gashi a jiki. In ɗaya ya yi fumfuna, duk na cikin mazubin ake zubarwa.

Abin da ke ciki, da wanda ya dace ya ci

Giram 100 na ots yana ba da kalori kusan 380, na markaɗen gyaɗa kusan 590, na zuma kusan 300. In aka haɗa lissafin awon da ke sama tare da riɗi, jimillar tana kusantar kalori 3,000. Raba ta gida 26 ya ba kowane curi kalori 110 zuwa 115, da furotin giram 3 zuwa 4. Babban mutum yana buƙatar kalori 2,000 zuwa 2,500 a yini gwargwadon jikinsa da aikinsa, ke nan curi uku sun kai kusan kashi ɗaya cikin bakwai na abincin yini. Ga manomi, lebura, direban doguwar hanya, ɗalibin da ke fita da sassafe, ko mai neman abin da zai ƙara a sahur, wannan alheri ne, domin mai da furotin suna jinkirta narkewar abinci, yunwa ba ta saurin dawowa. Ga mai zaman ofis da ke son rage ƙiba, lissafin nan gargaɗi ne.

Ana yawan yabon ots da rage kitsen jini, kuma yabon yana da tushe. Yana ɗauke da wani sinadari mai yauƙi, beta-gulukan, wanda a 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kaya cewa giram 3 nasa a yini, cikin abinci mai ƙarancin kitse, yana iya rage haɗarin ciwon zuciya. Sai dai ots yana da kimanin giram 4 ne na sinadarin a kowane giram 100, saboda haka sai mutum ya ci curi fiye da goma kafin ya kai giram 3, ya kuma kwashi kalori fiye da 1,000 a hanya. Mai neman wannan amfani kunun ots ya fi masa. Mai ciwon sukari kuma ya sani cewa zuma da dabino sukari ne a wurin jini, ko da sun fi farin sukari daraja a ido, kuma yawan da zai ci magana ce tsakaninsa da likitansa.

Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko ɗanɗane, domin tana iya ɗauke da ƙwayoyin wata cuta da ke shanye jijiyoyin jariri har numfashi ya gagara, alhali ba ta cutar da manya. Yaran da ba su kai shekara 5 ba kuma curi mai danƙo yana iya maƙale musu a maƙogwaro, sai a marmasa musu ƙanana, su ci a zaune, babba yana kallo. Akwai kuma masu borin jini da gyaɗa, waɗanda ko ɗan kaɗan yana sa musu ƙaiƙayi, kumburin leɓe da fuska, ko toshewar numfashi, wanda ke buƙatar asibiti nan take. Saboda su ne makarantu da yawa a Amurka da Ingila suka hana shiga da abincin gyaɗa, iyaye suka koma markaɗen 'ya'yan furen rana. Markaɗen riɗi ma yana yi, ko da yake shi ma akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓa. Duk mai ba wani ko mai sayarwa ya faɗi abin da ke ciki tun kafin a tambaya.

Wani ruɗani da ya kamata a kauce masa shi ne ɗaukar wannan curi a matsayin maganin tamowa. Gaskiya ne abincin da asibitoci ke ba yara masu tamowa, irin su Plumpy'Nut da aka yi amfani da shi sosai a Nijar lokacin yunwar 2005, da markaɗen gyaɗa ake yin sa. Amma kowace leda mai giram 92 tana ɗauke da kalori 500 tare da garin madara da sinadaran bitamin da ma'adanai da aka auna daidai da buƙatar yaro mara lafiya, abin da haɗin gida ba shi da shi. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti ake kai shi.

Mai niyyar mayar da wannan aiki sana'a tana fara lissafi ne daga kwano ɗaya: ta haɗa kuɗin ots, gyaɗa, zuma, kayan ƙari, niƙa, makamashi da leda ko roba, ta raba da yawan curin da ya fito, ta san kuɗin guda kafin ta sa riba. Gyaɗar da aka tsince aka zubar da ɓawon da ya tafi a bakace suna cikin lissafin, don mudun da aka saya ba shi ne mudun da ya shiga inji ba. Ots da zuma ne suka fi cin kuɗi, kuma a nan ne soyayyen gari da dabino ke rage nauyi. Sayarwa ga maƙwabta da abokan aiki abu ne mai sauƙi, amma kayan da za a naɗe da suna a kai kantuna a Najeriya sai da rajistar hukumar NAFDAC, tare da rubuta kayan haɗi, ranar da aka yi da ranar da zai daina amfani a jikin kowane ƙunshi.